Motar Baban Yohanna Tana Shan Mai

Ba zan taɓa mantawa da garejin Malam Ilu ba, ko da komai zai zube mini daga kai. Kuma ya fara zubewa. Yanzu nakan shiga ɗaki in tsaya ina tambayar kaina abin da na zo ɗauka, jikokina ma sai na kira sunan kowa kafin in faɗa kan wanda nake nema. Amma waccan Asabar ɗin tana nan daram, har warin fetur ɗin da yake cikin kwano ina jin sa a hancina.

Ni mace ce mai ido. Ban taɓa shiga aji ba, sunana ma da babban yatsa nake sa shi, amma a unguwarmu nan Kafanchan kowa ya san ba a wuce ni. A zumuntar matan coci ni ake ba ludayi ranar biki, domin na san wadda ta karɓi nama ta zagaya ta dawo da wani kwano. A cikin sujada na san wanda yake addu'a da wanda yake barci, ko da dukansu idonsu a rufe yake. (Fasto ma ya taɓa cewa in rage. Ban rage ba.) Ina faɗa maka wannan ne don ka san daga wane tsayi na faɗo.

Maigidana, Baban Yohanna, direba ne. Yana da tsohuwar gingimari mai bodin katako, mai shan gas, wadda ya saya tun tana hannu na wajen nawa ban sani ba. Da ita ya yi ta jigilar citta da masara da doya, yau Godogodo, gobe Gwantu, jibi Zangon Kataf, da ita ya biya wa 'ya'yanmu makaranta. A tsakar gidanmu take kwana. Kullum da sassafe sai ya tayar da ita ya bar ta ta yi ɗumi, tagogi suna rawa, kaji suna gudu, ni kuma ina mita daga madafa. Da ƙirjinsa ya fara ba shi wahala sai ya miƙa wa Bulus makulli. Bulus ya taso a hannunsa ne tun yana ɗaure kaya da igiya, har ya zama magidanci mai 'ya'ya. Da ciwon ya ci ƙarfin maigidana, a kujerar gaban motar nan Bulus ya kwantar da shi ya kai shi asibiti. Bai dawo ba.

Ba a gama kwashe kujerun makoki ba ɗana Yohanna, malamin sakandare ne, ya zaunar da ni.

“Mama, motar nan ta tsufa. Mu sayar da ita tun tana tafiya da ƙafarta.”

Na ce, “Ni ma na tsufa. Ka haɗa mu ka sayar.”

Muka yi ta ja har kawunsa ya shiga tsakani. Aka tsaya a kan cewa mota za ta zauna, Bulus ya ci gaba da tuƙi, amma ranar da bakanike ya ce sai an sauke inji, ranar ba za a zuba mata ko kwabo ba, 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe za a kira su yanka ta. Na yarda, don a raina ranar ba za ta zo ba.

To, da za a yi addu'ar cikar shekara, Yohanna ya ce baƙi ba za su zauna a kan ƙasa ba, ya kawo magina suka shafe tsakar gida da siminti. Ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Fari tas, in ka zubar da tuwo sai ka ɗauka ka ci. Sai dai da gari ya waye, Bulus ya fita da mota, na fito da tsintsiya, na ga baƙin tabo kamar tafin hannu a tsakiyar simintina. Na wanke. Washegari ya dawo, a wuri ɗaya. Na zuba toka, na goge da yashi, na sa omo da ruwan zafi. Ya dawo.

Ashe duk shekarun nan motar tana ɗigar da wannan ɗan baƙin mai, ƙasa ce take shanyewa tana rufa mata asiri.

Wata Lahadi bayan sujada, babu kowa a gida, na ɗaure zane na shimfiɗa buhu na shiga ƙarƙashin mota da bayana. (Ka yi tunanin tsohuwa kamata, ƙafafu a waje, agwagi suna leƙe.) Na bi tabon da ido zuwa sama, sai ga wani ɗan bututu yana reto daga jikin inji, bakinsa a buɗe yana kallon ƙasa, mai ya taru a leɓensa. Na ce, kai ne? Duk mazan da suka yi shekaru suna shiga ƙarƙashin motar nan babu wanda ya ga rami a buɗe? Na fito na ɗauko totuwar masara, na yago ƙyalle daga tsohon zanena na zumunta, na naɗe ta tam yadda nake toshe jarkar manja, na cusa, na buga da dutsen niƙa har ta shige, na bi da robar tayar keke na ɗaure. Toshina ba ya zuba. Jarkata ta sha faɗuwa daga kan babur ko ɗigo bai fita ba.

Da safe siminti fes. Na tsaya ina kallon wurin ina jin kaina. Ban gaya wa kowa ba, don a ganina ba abin faɗa ba ne, kamar ka ce ka rufe ƙofar da iska ta buɗe. Daga nan na manta da totuwa sarai. Kai dai ka riƙe ta a ranka.

Ba a daɗe ba, lokacin kwasar citta, Bulus ya tsaya a ƙofar madafa yana murza hularsa.

“Mama, motan nan ya fara shan mai fa.” (Haka Hausarsa take, mota namiji ce a bakinsa.)

“Gas?”

“A'a, baƙin mai. Na cika shi ranan kasuwa, yau na duba ya sauka. Kuma sandan awo ɗin yana tsalle, in na tsaya sai in same shi ya fito daga ramin.”

Na ajiye muciya na dube shi tun daga takalmi har hula. Na ce, “Bulus, mota ba ta da baki. Mutane ne suke da baki.”

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake yi.

Daga ranar na kafa masa ido. Galan ɗin baƙin mai na ɗauke shi daga gaban mota na kai ƙarƙashin gadona, in za a ƙara ni nake fitowa da shi in tsaya a kansa. Na sa ya koya mini duba sandar awo: ka zaro, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa, ka ga inda mai ya tsaya tsakanin zane biyu. Wannan karatun kam na iya shi. Na ɗaura zare a kan murfin da ake zuba mai, na ɗaura wani a kan ƙusar da ake tsiyaye shi ta ƙasa, ƙulli irin nawa wanda in an kwance zan gane. Mota ta je ta dawo, zare yana nan, mai ya ragu. Na fara shinshinar rigarsa in ya wuce. Na bi layin masu sayar da mai a kwalabe a bakin titi ina gaishe su, ni da ban saba gaishe su ba, ina kallon ko zan gane namu. Sabon takalmin da matarsa ta sa ranar Lahadi ma sai da na ɗauki mintuna ina kallonsa.

Kuma tabo ya dawo kan siminti, amma yanzu ba wuri ɗaya ba, nan da can, gaba da baya. Mai hankali zai tsaya ya yi tunani. Ni cewa na yi, to ga shaida, yana tsiyaya hannunsa yana rawa yana zubarwa.

Sai na ce zan bi shi. Ranar kasuwar Godogodo na yi shiri kamar mai zuwa ɗaurin aure na hau gaba na zauna. Ban ci ba, ban sha ba, don kada wata larura ta kai ni bayan daji ya sami sarari. Ana lodin doya ina zaune a kan dutse ina kallon hancin mota. Ya je cin abinci na ce a kawo masa nan. Rana ta gasa ni, ƙafafuna suka kumbura, wata mai kunu ta tambayi Bulus ko ba ni da lafiya ne yana kai ni asibiti. A hanyar dawowa, duk tudun da muka hau sai in ga hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana bin mu a madubi, wani wari kamar an bar mai a kan wuta yana shigowa ta ƙarƙashin ƙafata. Mun iso gida da yamma, aka bar inji ya huce, na zaro sanda da hannuna. Ya ragu.

Ka san abin da na ce? Na ce, “Lallai ka ƙware.”

Wannan karon bai yi dariya ba. Ya ce, “Mama, a kujeran nan da kika zauna yau na kwantar da Baba. Kansa a kan cinyana yake har asibiti, da hannu ɗaya na tuƙa. Ni ne zan sha man motansa?”

Na ce, “Ni dai na san abin da na gani.”

“Mu kai wa Malam Ilu ya duba.”

“Babu inda za a kai ta.”

Nan ne gaskiyar take, ko da yake a lokacin ko kaina ban gaya wa ba. Tsoron gareji nake yi. Na gwammace a ce ɓarawo ne da a ce ciwo ne, domin ɓarawo ana korarsa a nemo wani, ciwo kuwa Yohanna yana jira da 'yan gwangwan. Haka na yi da tarin maigidana. Wata da watanni ina cewa goro ne, ina cewa hayaƙin mota ne, ina yi masa faɗa yana tofar mini da yawu a inda na share. Ina da ido, amma akwai inda ba na son in juya shi.

Bulus kuwa sai ya wuce wurin Yohanna. Ranar Asabar da hantsi muka ɗunguma zuwa gareji.

Malam Ilu tsohon bakanike ne, ɗan tsofaffin gidajen kasuwa, abokin maigidana tun suna samari. Da Sallah yakan aiko mana nama, da Kirsimeti mukan aika masa shinkafa. Garejinsa fili ne a ƙarƙashin mangwaro, ga masu walda, ga masu faci, ga direbobi a kan benci suna jiran a gama musu aiki, ga mai shayi. Wurin a cike yake. Can gefe kuma na ga wani mutum mai jar hula ya taso ya fara zagaya motarmu yana ƙwanƙwasa ƙarfe da makulli yana kasa kunne. Na tambayi Yohanna wane ne. Ya kawar da kai. Ashe ɗan gwangwan ne. Tun kafin likita ya duba, ɗana ya gayyato mai haƙa kabari.

“Sannu da zuwa, Maman Yohanna. Ya haƙuri?” in ji Malam Ilu, ya jawo mini kujera.

Na ce a tsaye na fi gani.

Ya fara yi wa Bulus tambayoyi kamar a asibiti. Tun yaushe? Ya fi sha in da kaya ko ba kaya? An canza irin man da ake sa mata? Sannan ya juyo gare ni, don ya ga na matso har ina taka masa inuwa.

“Mama, baƙin mai hanya uku yake bi in zai gudu. Ko ya zuba ƙasa, ko ya shiga ruwa, ko inji ya ƙone shi ya fita ta salansa.”

Na ce, “Ka manta ta huɗu. Ko ya bi mutum gida.”

Direbobin benci suka yi ƙasa da kai. Bulus ya juya baya.

Malam Ilu ya yi kamar bai ji ba. Ya buɗe lagireto ya tsoma yatsa ya duba, ya ce ruwa garau yake, ba nan ba ne. Ya sa aka tayar da mota, ya zagaya baya ya tsuguna yana kallon hayaƙi. Ya ce baƙi na gas ne, fari na ruwa ne, wannan mai shuɗin kuwa mai ne yake ƙonewa, amma bai kai yawan da ake faɗa ba. Ya shimfiɗa kwali a ƙasa, muka tsaya muna kallo, ɗigo ya fara sauka, ɗaya a gaba, ɗaya a baya, ɗaya a gefe. Ya haska tocila jikin inji, ko'ina jiƙe yake, duk inda ƙarfe biyu suka haɗu mai yana tsattsafowa kamar gumi.

“Ikon Allah. Ta ko'ina take zubarwa,” in ji shi.

Sai ya hau ya kama murfin nan da na ɗaura wa zare. (Ya ga zaren, ya dube ni.) Yana murɗawa murfin ya ƙwace daga hannunsa ya yi sama, wata iska mai zafi da feshin mai ta bugi fuskarsa har hularsa ta faɗi. Ya sauko yana goge gemu da tsumma, ya ce a kashe. Sannan ya juya wurin Yohanna.

“Malam Yohanna, injin da yake hura iska haka ta sama, yawanci ringi ne suka cinye. Wuta tana zarcewa ƙasa tana tura mai waje.”

“Ma'ana?”

“Ma'ana sai an sauke inji.”

Mai jar hula ya daina ƙwanƙwasa, ya mayar da makullinsa aljihu. Yohanna ya ce, “To, Mama, kin ji da kunnenki.”

Abin da ya kamata in yi shi ne in zauna a kujerar da aka ba ni in yi kuka kamar kowace gwauruwa. Maimakon haka na ɗaure ɗankwali na shiga tsakiyar fili na riƙe ƙugu. Na ce ƙarya ne. Na ce motar da ta yi shekara da shekaru lafiya ba za ta lalace a kaka ɗaya ba sai da hannun mutum. Na ce akwai wanda ya taɓa ta, kuma Ubangiji zai tona shi a gaban jama'a, ya tsaya tsirara kowa ya gan shi. Na ce ni ba a yi mini rufa-rufa, motar nan a ƙofar ɗakina take kwana, ko ƙadangare ya shiga ƙarƙashinta na sani. Mai walda ya kashe injinsa don ya ji da kyau. Mai shayi ya bar tukunya ya matso. Na ga haka na ƙara murya.

Malam Ilu kuwa ba ni yake sauraro ba. Yana tsaye yana sosa gemu yana kallon motar.

“Bulus, da safe tana wahalar tashi?”

“Bugu ɗaya, Malam.”

“Tudu fa, da kaya?”

“Yana hawa kaman da. Ƙarfi bai ragu ba.”

“To wannan ba halin mai mataccen ringi ba ne. Kuma injin da ya hura mini iska haka ta sama, ya kamata a ce bututun numfashinsa na ƙasa yana hayaƙi kamar madafa. Ni ban ga komai ba. Sake tayarwa.”

Ya kwanta a kan kwali ya ja jiki ya shige. Ina kallon ƙafafunsa a waje, kuma wani abu ya ce mini na taɓa ganin wannan kwanciyar. Daidai wurin. Daidai gefen. Sai na ji muryarsa daga ƙasa: “Shiru yake. Ko iska babu. Kai, an ɗaure shi da roba! A kashe, a miƙo mini filaya.”

Ban san ko ka taɓa jin sanyi ya taso maka daga tafin ƙafa da tsakar rana ba. Hannuna yana ƙugu har yanzu, na rasa yadda zan sauke shi ba a lura ba.

Malam Ilu ya yi ta fama yana nishi. (Na ce maka toshina ba ya zuba.) Can ya fito da wani baƙin dunƙule a bakin filaya, a naɗe, a ɗaure, yana ɗigar da mai, ya jefa shi tsakiyar fili. Mutane suka watse baya kamar an jefa maciji.

“A'uzu billahi!”

“Jinin Yesu!”

“Asiri ne! An yi wa mota asiri!”

Bulus ya ɗora hannu a ka, hawaye suna zuba. “Na faɗa! Na faɗa ba ni ba ne! Mama, kin gani? Kin gani maƙiya ne?” Wani direba ya ce kada kowa ya taɓa da hannu. Wani ya ce a kira fasto, wani ya ce a kira liman, mai shayi ya ce a kira duka biyun. Wani dattijo ya matso ya kama hannuna yana girgizawa, ya ce, “Mama, addu'arki ba ta faɗi ƙasa ba. Yanzu kika ce Allah zai tona, ga shi ya tona. Saura mu san mai shi.” Sai wani daga baya ya ce, “Wannan aikin na kusa ne, wanda ya san inda motar take kwana.” Na ga idanu sun fara komawa kan Bulus.

Ni kuwa na bar su suna kallonsa.

Yohanna ɗan boko ne, ba ya tsoron irin waɗannan. Ya sa sanda ya tura dunƙulen cikin kwanon fetur da ake wanke ƙusoshi, ya jujjuya. Baƙin ya fara saki. Ƙullin ya fito. Ƙyallen ya warware a hankali, ga launinsa, ga zanen da duk macen da ta taɓa shiga zumunta a garin nan ta sani. Totuwa ta taso sama tana yawo a kan fetur.

Yohanna ya dubi ƙyallen, ya dubi totuwar. Sannan ya ɗago, ya yi mini magana da yarenmu, a hankali, don ya rufa mini asiri: “Mama, wannan ba irin toshin da kike yi wa jarkar manja ba ne?”

Ni kuma, da yake kaina ya riga ya juye, da Hausa na amsa, da muryar nan da na gama wa'azi da ita:

“To ai ɗiga take yi mini a kan siminti!”

Da sun yi dariya da ya fi mini sauƙi. Ba su yi ba. Furfurata suka gani suka haɗiye. Mai walda ya saukar da gilashinsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Mai shayi ya koma ya fara wanke kofin da yake a wanke. Dattijon da yake riƙe da hannuna ya sake shi a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. Wani direba ya tashi da gudu ya shiga bayan wata tirela, daga can muka ji abin da ya fashe da shi. Bulus kuwa ya sauke hannu daga ka ya tsaya yana kallona, hawayen ba su ma bushe ba. Wannan kallon ne ba na so in tuna.

Malam Ilu ya sake jawo kujerar. Wannan karon na zauna.

“Maman Yohanna,” in ji shi, murya ƙasa-ƙasa, “inji ma numfashi yake yi. Ramin nan da gangan aka bar shi. Kin toshe masa hanci, iska ta rasa hanya, ta yi ta tura mai ta duk inda ta sami sako-sako, wani ya zuba, wani ya ƙone. Wannan ɗan ɗigon, tun marigayi yana da rai yake yin sa. Ai da tsohon kwano kika ajiye a ƙasa.”

Kwano. Ina da su fal a madafa, har da waɗanda kaji suke shan ruwa a ciki.

Aka wanke bututu aka tayar da mota. Malam Ilu ya buɗe murfin sama, iska kaɗan ce take fita, ya ce ringi da sauran ƙarfinsu. Robobi da gasket ɗin da iska ta fasa za a canza, ba sai an sauke inji ba. Mai jar hula ya hau babur ɗinsa ko sallama babu. Na ci nasara ke nan, in ana kiran wannan nasara. Yohanna ya tsayar mini da mai babur, na ce da ƙafa zan tafi, don ban ga wanda zan iya zama a bayansa ba. Kafin in kai gida labari ya riga ni. Har yau in na shiga kasuwa masu masara sukan ce, “Mama Injiniya, a ajiye miki totuwa?” Ludayin zumunta kuwa da kaina na miƙa wa wata.

Washegari bayan sujada na dafa kaza na ɗauka da kaina zuwa gidan Bulus. Ban saba ba da haƙuri ba, amma na fitar da kalmar a gaban matarsa, wadda take sanye da takalmin nan. Ya ce, “Ya wuce, Mama.” Ya ci kazar. Da na tashi tafiya ya raka ni bakin hanya, sai ya ce, “Zan ci gaba da tuƙi saboda Baba. Amma motan zai riƙa kwana a nan wurina.” Na ce sai na ji ta bakin Yohanna. Ya ce ai sun riga sun yi magana.

To, ba a yanka ta ba. Tana nan tana aiki, wani lokaci ina jin ƙararta daga titi, in tsaya da tsintsiya a hannu har ta wuce. Amma tagogina sun daina rawa da safe. Kaji suna kiwo a inda take tsayawa. Tabon farko, mai kamar tafin hannu, bai taɓa fita duka ba. Rannan matar Yohanna ta zo da buroshi da wani maganin wanki ta ce zai cire shi tas, na ce ta bar mini abina ta je ta wanke nata gidan.

Abin da na koya bai da yawa. In za ka tara jama'a ka roƙi Ubangiji ya tona mai laifi, fara shinshina hannunka tukuna. Kuma abin da ya tsufa yana ɗiga, kada ka toshe shi, ka sa masa kwano. Na ware kwanon ma, wani tsoho mai tsatsa, yana nan a jingine a bakin ƙofa. Abin da zan tara da shi ne babu.